Wa ya kalli na wannan Juma'ar? Hirarmu mako-mako a kan When Life Gives You Tangerines

Juma'a, 7 ga Maris 2025

Maman Hanif: Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da shan ruwa, ya ibada? Yau Netflix suka saki kashi huɗun farko na When Life Gives You Tangerines, sabon wasan Koriya ta Kudu na IU da Park Bo-gum. Goma sha shida ne gaba ɗaya, huɗu-huɗu za a riƙa saki duk Juma'a har 28 ga wata, wato dai tare za mu ƙare da azumi. Dokarmu tana nan yadda take: wanda bai kalla ba kada ya shigo ya ce an tona masa labari. Ni bayan asham na zauna da niyyar in ga ɗaya in kwanta, ban tashi ba sai wajen ƙarfe biyu, ido ya kumbura.

Autar Mama: Wa alaikumus salam Anti. Ni fa saboda Park Bo-gum na shiga, tun Reply 1988 nake binsa, amma wallahi uwar nan ce ta gama da ni. Wurin da ta ji ana hana 'yarta kifi a gidan baffanta alhali kowa yana ci, ta taho a fusace ta watsa musu kifi, ta kama hannun 'yar tata Ae-sun suka tafi. Sau uku na mayar da wurin baya.

Anti Rabi: Auta, wanda bai taɓa zaman gidan wani ba, ba zai san nauyin kifin nan ba. Shekara uku na yi a gidan baffana bayan rasuwar mahaifinmu. Ba a taɓa dukana ba, ba a taɓa zagina ba. Amma in aka zo rabon nama, sai matar gidan ta ƙirga 'ya'yanta da cokali, in ta zo kaina ta ɗebo romo. Yau na haura hamsin, ban manta kwanon ba, wani ƙaramin na silba mai lanƙwasa a baki. Marubuciyar nan ta san abin da take rubutawa.

Malama Hadiza: Sannu Anti. Lim Sang-choon ce ta rubuta, wadda ta yi When the Camellia Blooms a 2019, kuma Kim Won-seok ne ya ba da umarni, mai My Mister. Ga waɗanda ke tambaya a kan sana'ar uwar: haenyeo ake ce musu, matan tsibirin Jeju masu nutso cikin teku ba tukunyar iska, da numfashinsu kawai. Sukan nutsa kamar mita 10 su ciro irin dodon-koɗin teku mai tsada da ciyayin ruwa, in sun taso su saki wani fito mai kama da kukan tsuntsu. UNESCO ta sa sana'ar a jerin al'adun duniya a 2016. Yanzu yawancin masu yi tsofaffi ne, 'ya'yansu ba su gada ba. Kuma in kun lura, uwar da kanta ba ta son 'yarta ta gada. A kan wannan aka gina labarin, a ganina.

Ɗan Damagaram: Barkanku da shan ruwa. Ni da fassarar Faransanci nake kallo, sai na je na binciki sunan asali, Pokssak Sogatsuda. Da karin harshen Jeju ne, ma'anarsa kusan "sannu da aiki, kun sha wahala". Abin mamaki, mutumin Seoul in ya ji sai ya ɗauka cewa ake yi "an yaudare ni sarai". Da Bahaushe zai sa wa wasan suna, "Sannu da Aiki" ya isa, ya ma fi maganar tanjarin ɗin nan dacewa.

Yaya Sadi: Ni dai bari in zama saniyar ware. Wasan ya yi kyau, ban musa ba. Amma Gwan-sik ɗin nan, masoyin Ae-sun, ba mutum ba ne, mafarkin mata ne aka sa wa riga. Tun yana yaro yana kai mata kifi, ita tana zaune tana karatu don kunyar talla, shi yana sayar mata da kabeji. Sannan ya diro daga jirgin ruwa ya yi iyo ya dawo don ta kira sunansa. A ina ake samun wannan?

Maman Hanif: Malam Sadi, dirowa daga jirgi kam na bar maka, wannan aikin masu fim ne. Amma namijin da zai tsaya a kasuwa ya ɗauke wa mace abin da take jin kunya, akwai shi. Ba ya surutu ne shi ya sa ba a san da shi ba.

Autar Mama: Ni abin da ya ƙona min rai, tare suka gudu birnin Busan, tare aka sace musu jaka a masauki, tare aka dawo da su. Shi aka dakatar da shi na ɗan lokaci, ita aka kore ta daga makaranta ɗungurungum. Yarinyar da ke son zuwa jami'a ta zama mai rubuta waƙa!

Anti Rabi: Guduwar dai kuskure ce, kada mu yi mata kwalliya. Ba na so 'yan matanmu su kalla su ga burgewa. Amma ku duba abin da ya tura ta: ta raini ƙannenta, ta nome gonar mijin uwarta shekara da shekaru, ranar da ya kawo sabuwar mata sai ta zama ba ta da wurin kwana. Gidan baffa ma ba wuri. Laifi ɗaya, hukunci biyu, wannan kam mun san shi.

Malama Hadiza: Wurin da na miƙe tsaye shi ne inda Ae-sun, bayan ta auri Gwan-sik, ta kifar da teburin tsafin kakar mijinta, da suka ce za su mayar da 'yarta Geum-myeong mai nutso. Mace mai haƙuri da dangin miji, an zage ta ta yi shiru, an jefe ta da wake ta yi shiru, amma da aka taɓa 'yarta sai ta zama uwarta sak.

Juma'a, 14 ga Maris 2025

Maman Hanif: Jama'a, wanda bai ga kashi na shida ba ya yi haƙuri ya fita. Innalillahi. Ban iya ci gaba ba jiya... yau nake nufi, kaina ya ɗaure. Na kashe wayar na shiga ɗakin yara na tsaya ina kallonsu suna barci.

Autar Mama: Dong-myeong, ɗan autan Ae-sun da Gwan-sik. Anti ni ban san za su yi mana haka ba. Ana cikin murna, kaka ta ba su kuɗin da ta ɓoye sun sayi jirgin kamun kifi, sun sayi tsohon gidan uwarta, har Ae-sun ta taka jirgin duk da camfin da ke hana mace hawa. Na ce to wahala ta ƙare. Sai guguwa ta yi ajalinsa.

Yaya Sadi: Na janye rabin maganata ta makon jiya. Da na ga Gwan-sik ya durƙushe a bakin teku yana kuka, na ga mutum. Abin da ya fi taɓa ni ma ba kukan ba ne, tashin da ya yi bayan kwana uku ya koma aiki, don akwai baki biyu da suka rage. Haka mahaifinmu ya yi ranar da aka share makokin ƙanwarmu, da asuba ya ɗauki kekensa ya tafi kasuwa. Lokacin na ɗauka rashin damuwa ne.

Anti Rabi: Na daɗe ina rubutawa ina gogewa. Waɗansunku sun sani, na rasa ɗana na biyu yana ɗan shekara huɗu, zazzaɓin kwana biyu. Shekara ashirin da uku ke nan. Abin da wasan nan ya kama daidai shi ne ƙaramin abu. Yaron ya nemi ta rungume shi, tana cikin faɗa da gaggawa ba ta yi ba, ta fita da gudu don an ce babbar ta faɗi da keke. Nawa ruwa ya ce in ba shi a kofin roba ja da yake so, na ce ya sha a wanda ke kusa, ina da aiki. Na san kofi ba shi ya kashe shi ba, na san wa'adi ne, na yarda da ƙaddara ɗari bisa ɗari. Amma har yau in na ga jan kofi a kasuwa sai na kau da kai. Mutane suna cewa ki yi haƙuri, Allah ya ba ki wasu. Ya ba ni, alhamdulillahi, huɗu. Ba wanda ya zauna a gurbinsa, kuma ban taɓa so wani ya zauna ba.

Maman Hanif: Allahu akbar. Anti, Allah ya sa mai ceto ne, ya haɗa ku a Aljanna. Mun gode da kika iya faɗa mana.

Ɗan Damagaram: Amin ya Rabbi. Allah ya ƙara haƙuri, Hajiya.

Ummu Nabila: Amin. Anti Rabi, Allah ya saka miki. Ina aikin jinya, na sha ganin abin da suka nuna game da sauran yaran: kowanne yana ɗauka shi ne sila. Geum-myeong tana cewa da ba ta hau keke ba, ƙanenta Eun-myeong yana cewa da bai bar ƙanensa ba. Manya suna zaman makoki, ba mai tambayar yaro me ke cikinsa. Don Allah in an yi rashi a gida a riƙa zama da yaran a gaya musu a fili cewa ba laifinsu ba ne.

Malama Hadiza: Kuma ku ga maƙwabta. Tsofaffin masu gidan hayar da ke zuba musu shinkafa a tukunya da dare, daidai ta kwana ɗaya, don kada su ji kunyar sadaka. Matan nutso da suka cika musu gida da abinci lokacin makoki. Ko matar mijin uwarta da muka tsana makon jiya, ashe ita ta biya musu haya a ɓoye. Ba wanda aka bari baƙi ƙirin a wasan nan.

Autar Mama: Har da mai aikin gidan da ta wanke Geum-myeong daga sharrin satar zobe! Ashe ita ce matar da suka gargaɗa a masaukin Busan tun suna yara. Alheri danƙo ne.

Yaya Sadi: To ni yanzu ga inda zan ja daga. Sun sayar da gida don Geum-myeong ta tafi karatu Japan. Gidan uwar Ae-sun, wanda ta yi shekaru tana mafarkinsa. Akwai wani yaro a gidan nan fa, Eun-myeong. Shi me aka sayar dominsa? Kowa yana kuka don sadaukarwar iyaye, ni ina kallon yaron da aka kwashe masa rufin kai don yayarsa ta hau jirgin sama.

Malama Hadiza: Malam Sadi, ita ce ta ci Jami'ar Ƙasa ta Seoul, wadda ta fi kowace wuyar shiga a ƙasar. Shi kuwa sai kiran iyaye makaranta saboda rigima. In kana da kuɗin mutum ɗaya, wa za ka ba?

Yaya Sadi: Wane ne ya fara, rigimar ko rashin kulawar? Ni ɗan tsakiya ne, Malama. Yayanmu aka kai jami'a, ni aka kai ni shagon kawu ina ɗan sha huɗu. Ba na baƙin ciki da shi, yau shi ke ɗauke da rabin gidanmu. Amma ba wanda ya taɓa tambayata ko ina son karatun. Yaro yana gane inda idon uwarsa yake.

Ummu Nabila: Ni kuma ni ce Geum-myeong ɗin gidanmu, shi ya sa ban iya buɗe baki. Keken ɗinkin Innarmu aka sayar aka biya min makarantar koyon jinya, baƙin keke mai zanen ruwan gwal da ta shigo da shi gidan aure. Ranar da mai saye ya zo, da kanta ta goge shi da man keke, ta haɗa masa da kwalbar man da ƙaramin sukundireba. Ba ta sake ɗinki ba. Kuma ku sani, wanda aka yi wa sadaukarwa ma yana ɗauke da kaya. Duk jarrabawa ji nake keken nan yana kan wuyana.

Anti Rabi: Ku biyun duk gaskiyarku. Ae-sun ba 'yarta kawai ta tura Japan ba, kanta ta tura, yarinyar da aka kora daga makaranta. Uwa takan yi haka ba ta sani ba. Sadi, Allah ya huci zuciyarka.

Asabar, 22 ga Maris 2025

Maman Hanif: Afuwan, jiya ban buɗe zance ba, mun shiga goman ƙarshe, ga kuma an ɗauke mana wuta tun la'asar. Shawarata a kalla da rana ko a ajiye sai bayan Sallah, dare na ibada ne, wasa ba ya guduwa. Waɗanda suka gani, bismillah. Ni dai uwar Yeong-beom, saurayin Geum-myeong, ta hana ni sukuni.

Autar Mama: Anti wannan mata! Ranar haɗuwar iyaye, a gaban uwa da uban yarinya take wulaƙanta ta. Geum-myeong tana zuba wa kowa ruwan ƙanzon shinkafa, ta ba su mai kauri, ta bar wa kanta ruwa-ruwan. Ae-sun tana kallo.

Anti Rabi: Romon da na ba ku labari. Wannan kallon na Ae-sun shi ne duk wasan. Ta kifar da tebur, ta sayar da gida, ta yi duk abin da za ta yi don kada 'yarta ta zauna a inda ta zauna, sai ga ta tana ganinta da ludayi a hannu tana ba wa kanta saura. Yarinya ba abin da aka gaya mata take koya ba, abin da ta ga uwarta tana yi ne. Da ta karɓi ludayin ta ce ita ce ba ta koya mata ba saboda tana da daraja a wurinta, sai da na ajiye wayar.

Ɗan Damagaram: Amma ku bar ni in yi wa saurayin adalci. Shekara bakwai yana sonta, bai taɓa kallon wata ba. Uwa ce fa. Mu da aka ce mana Aljanna tana ƙarƙashin ƙafarta, me muke so ya yi, ya zage ta?

Maman Hanif: Ba wanda ya ce ya zage ta, Malam. Tsakanin zagi da shiru akwai fili mai faɗi. Zai iya durƙusawa har ƙasa ya ce Mama, ki yi min komai amma kada ki taɓa mutuncin iyayenta. Shi kullum sai dai ya ce wa yarinyar ta ƙara haƙuri, bayan aure komai zai daidaita. Mun san wannan bayan auren.

Ɗan Damagaram: Na ji. Amma ita ma ta yi saurin yankewa. Da ta daure, tsohuwa ba ta dawwama.

Malama Hadiza: Wato ta gina aurenta a kan jiran mutuwar suruka? Subhanallah. Kuma ba don kanta ta fasa ba. Ta jure duk abin da aka yi mata. Da matar ta je ta sami Ae-sun ta ci mata fuska a kan talaucinsu da sana'ar mijinta, nan ne igiya ta tsinke. Ni na ga mutunci a fasawar, kuma ban ga ta daina sonsa ba. Shi ya sa rabuwar ta yi ciwo, ba mugu a cikin su biyun.

Yaya Sadi: A nan ina bayan Malama. Gwan-sik ma yana da uwa da kaka masu zafi, har sun fi wannan. Yana yi musu biyayya, amma da ya ga abin ya kai maƙura ya kama hannun matarsa da 'yarsa suka fita suka kama haya. Biyayya daban, miƙa matarka a taka daban. Ɗan Damagaram, ka san malamai ma sun faɗa, hidimar uwarka a kanka take.

Ɗan Damagaram: To, na karɓa rabi. Har yanzu ina tausayinsa. Mutumin da bai taɓa cewa a'a ba tun yana yaro, ba rana ɗaya zai koya ba.

Autar Mama: Ni kuma haushin Geum-myeong nake ji wani lokacin. Yadda take yi wa uwarta tsawa a waya, kamar ba don ita aka sayar da gida ba. A waje ladabi, a gida kaushi.

Ummu Nabila: Auta, ba ki taɓa yi ba? Ni na yi, kuma ina jin kunyarsa. Ina makaranta Inna za ta kira ta ce kin ci abinci, in ce Inna don Allah ina karatu. Ba ƙi ba ne. In ka san bashin da ke kanka ya fi ƙarfinka, sai muryar mai bashin ta riƙa yi maka nauyi, ko da ita ba ta taɓa cewa ka biya ba. Wani abu kuma, don aikina ne: hayaƙin da ya kusa kashe Geum-myeong a ɗakin haya, na curin kwal ne da suke ɗumama ɗaki da shi a lokacin. Iskar da ke kisa ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci yake wucewa. Ita ce dai ke fita daga janareta da gawayin da ake shiga da shi ɗaki lokacin sanyi. Kada a kwana da su a rufaffen wuri, don Allah.

Maman Hanif: Allah ya tsare. Kuma uwa ce ta ji a jikinta ta taso tun daga Jeju. Wa ya lura da mai zanen allon silima, Kim Seon-ho? Ni tun da ya goya ta na san inda aka dosa.

Malama Hadiza: Kowa ya lura. Abu ɗaya da ke damuna, tunda muna faɗin gaskiya: labarin Jeju ne na mutanen da aka haifa farkon shekarun 1950, amma bai tsaya a kan kashe-kashen da suka fara a tsibirin a 1948 ba, inda dubban mutane suka hallaka. Iyayen su Ae-sun sun rayu a cikinsa. Na so ko da tsohuwa ɗaya ta buɗe baki a kai.

Litinin, 31 ga Maris 2025

Maman Hanif: Barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Na san da yawa sun ajiye na ƙarshe sai yanzu. An gama. Gwan-sik ya tafi.

Autar Mama: Anti tun daga ɗaurin aure na fara. Gwan-sik yana riƙe da hannun Geum-myeong yana gaya mata in abin bai yi ba ta juyo da gudu, babanta yana nan. Kuma haka yake gaya mata tun tana ƙarama a duk abin da za ta shiga. Mu kuwa ranar kai amarya abin da ake cewa shi ne yi na yi, bari na bari.

Anti Rabi: Nasihar haƙuri tana da wurinta, Auta, aure ba ya yiwuwa ba ita. Amma ni da na aurar da ta fari, bayan 'yan kai amarya sun gama nasu, na ja ta gefe na ce ɗakinki yana nan ban ba kowa ba. Shekara tara ke nan ba ta taɓa yin yaji ba. Sanin ƙofa a buɗe take yana sa mutum ya zauna da daraja.

Yaya Sadi: To jama'a, an biya ni. Da Eun-myeong ya shiga kurkuku saboda abokinsa ya gudu da kayan shagon jingina, uban ya sayar da jirgin. Jirgin da ya ci da su shekara da shekaru. Na ce me aka sayar dominsa, ga amsa. Amma ba zan ɓoye ba, har yanzu ina ganin an makara. Ita an sayar don ta hau sama, shi an sayar don a ciro shi daga rami. Da an ba shi rabin kulawar tun yana ƙarami, wataƙila da bai faɗa ba.

Malama Hadiza: Ban musa ba. Ka dai tuna lokacin ne, 1997, da tattalin arzikin Koriya ta Kudu ya durƙushe har suka nemi ceton IMF, asusun ba da lamuni na duniya. Kamfanoni sun rufe, ita kanta Geum-myeong da digirinta ta rasa aiki. A farkon 1998 talakawa suka yi layi suna miƙa zobba da sarƙoƙinsu, aka tara zinariya fiye da tan 200 don biyan bashin ƙasa. Mai digiri da marar digiri duk ruwa ɗaya ya ci su. Kuma wa ya zaci Bu Sang-gil, mutumin da muka tsana tun makon farko, shi zai bi surukinsa Eun-myeong ya dawo da shi daga jirgin da zai kai shi nesa?

Ɗan Damagaram: Shi ne ya fi ba ni tsoro a duk wasan. Yana da jirgi, yana da kuɗi, ya tsufa ba mai son zama kusa da shi a gidansa. Da ya tsaya yana kallon yadda iyalin Gwan-sik ke kewaye shi, na ga mazan da na sani. Na kira maiɗakina daga kicin na ce ta zo mu ci tare. Ta ce lafiya?

Maman Hanif: Madalla da kai! Ai abin da Gwan-sik ya yi ke nan tun yana matashi, ya juya baya ga teburin maza ya fuskanci na matarsa da 'yarsa. Juyawa ce kawai, amma a gidan nan kamar girgizar ƙasa.

Ummu Nabila: Ciwon da ya kashe shi sankarar ɓargo ce. Tana farawa da ciwon ƙashi da gajiya, shi ya sa masu aikin ƙarfi suke ɗauka sanyin ƙashi ne ko wahalar aiki, ba a ganowa sai ta yi nisa. Iyayenmu maza ba sa faɗin ciwo. In kun ga tsoho yana dafa gwiwa yana cewa ba komai, ku matsa masa a je asibiti a ɗebi jini.

Anti Rabi: Ni ba asibitin ne ya karya ni ba. Saukar da kayan kicin da ya yi zuwa ƙasa, don ya san bayansa ba mai miƙo mata na sama. Da kuɗin da 'yarsa take aiko masa, ashe bai taɓa ci ba, yana tarawa. Malam Sadi, kai ka ce irinsa mafarki ne. Marigayi maigidana, satin da zai rasu, ya sa aka kira mai gyara ya canja sakatar ƙofar ɗakina, don tsohuwar sai da ƙarfin namiji take shiga. Ban gane ba sai daga baya.

Yaya Sadi: Allah ya jiƙansa da rahama, Anti. Na janye sauran rabin.

Autar Mama: Amin. Ni na ji daɗi da littafin waƙoƙin Ae-sun ya fito, ko da ta tsufa. Kuma editar da ta karanta tana kuka, Yeom Hye-ran ce, wadda ta fito a uwarta! Uwar da ta mutu tana da shekara 29 a cikin wahalar teku, ga fuskarta a ofis a kan kujera.

Malama Hadiza: Ni ban gamsu gaba ɗaya ba. Littafi ɗaya bayan shekara hamsin ba ya biyan jami'ar da aka hana ta. Na yarda ta yi rayuwa mai daɗi da mutumin kirki, amma ba na so a ce mana hakan ya wadatar, don akwai dubunnan Ae-sun da ba su sami Gwan-sik ba kuma ba su sami littafin ba.

Maman Hanif: Wannan muhawarar ba za ta ƙare yau ba. Masu bin Buried Hearts na Park Hyung-sik, saura mako biyu, za mu buɗe nasa zancen ranar Asabar in Allah ya kai mu. Ummu Nabila, kin yi shiru, kin je gida Sallah?

Ummu Nabila: Na je, yanzu na dawo. Ana jibi Sallah na shiga kasuwa na sayi keken ɗinki, baƙi mai zanen ruwan gwal, an taɓa amfani da shi amma yana aiki lafiya. Da aka sauke shi a tsakar gida Inna ta daɗe tana shafa shi ba ta ce komai ba. Can ta ce, ke kuwa da kin tambaye ni, ai idona ba ya ganin kafar allura yanzu. Na ce zan zura miki. Na zura, ta ɗora ƙafa a kan feda, ta nemi tsohon zani ta yi masa kalmasa har ƙarshe. Ta ce zaren ƙasa ya yi sako-sako, in kawo mata sukundireba. Kafin in taho na zura mata allura shida da zare kala-kala na soke a jikin labule, kuma na nuna wa 'yar ƙanena yadda ake yi.